Ƙwallon kwando a Yamai: Ƙafa ce ke cin wasan ɗaya-da-ɗaya, ba hannu ba

Da zarar an idar da sallar la'asar, rana ta fara sanyi, filayen ƙwallon kwando na birnin Yamai sai su fara cika. Galibinsu filaye ne na siminti a harabar makarantu da gidajen matasa. Wasu allonsu ya tsage, wasu kuma kwandon ƙarfe ne tsirara babu raga. Kafin a samu mutum goma da za a raba gida biyu, waɗanda suka riga zuwa ba sa zaman jira. Mutum biyu za su tsaya a gaban kwando ɗaya, wannan ya miƙa wa wancan ƙwallo, sauran su ja gefe su zuba ido. Wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya fita, wani ya shigo.

Wannan shi ne wasan ɗaya-da-ɗaya. Babu abokin da za ka miƙa wa ƙwallo idan ka shiga uku, babu wanda za ka ɗora wa laifi idan an wuce ka. A nan yaro ke yin suna a unguwa, a nan kuma ake zubar masa da shi.

Da dare gardamar takan koma fada, a gefen butar shayi. Waya na yawo daga hannu zuwa hannu, ana kallon gajerun bidiyoyi na taurarin gasar NBA ta Amurka. Wani ya ce babu mai iya tsare Kyrie Irving, wani ya rantse da Kevin Durant, manyan yayye kuma ba sa yarda a rufe zance ba a ambaci Michael Jordan da Kobe Bryant ba. Washegari sai ka ga yaro a fili yana ƙoƙarin maimaita abin da ya gani a waya: ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ta bayan baya, sau bakwai sau takwas, amma yana nan inda yake, bai matsa kusa da kwando ko taku ɗaya ba.

A nan matsalar take. Bidiyon daƙiƙa 20 yana nuna abin da hannu ya yi, domin shi ke ɗaukar ido. Abin da ya ci wasan kuwa yana ƙasa, inda mai kallo ba ya dubawa. Matashin da ya kwashe shekara uku yana kwaikwayon hannu ya manta da ƙafa, ya yi asarar shekarun da jiki ya fi saurin koyo, kuma ba sa dawowa.

Ƙasar da ta saba da gaba-da-gaba

Idan akwai ƙasar da bai kamata a yi wa dogon bayani kan wannan ba, to Nijar ce. Lambobin yabo biyu da ƙasar ta taɓa samu a gasar Olamfik duk daga wasannin mutum da mutum suka fito. Issaka Daboré ya ci tagulla a dambe a Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga kuma ya ci azurfa a taekwondo a Rio a 2016, kafin ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu a 2017.

Sai kuma uwa uba kokowar gargajiya, wadda ke tsayar da ƙasar cak duk lokacin da ake neman takobi. Tun gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauki takobin sau da dama, duk mai kallon kokowa ya san abu ɗaya: ba ƙarfin damtse kaɗai ke kayar da mutum ba. Ɗan kokowa yana rage tsawo, ya ware ƙafafu, ya zuba ido a ƙugun abokin karawarsa. Yana jira ne kawai nauyin wancan ya koma kan ƙafa ɗaya, sai ya afka ta inda babu madogara.

Wasan ɗaya-da-ɗaya a ƙwallon kwando haka yake, sai dai babu riƙe-riƙe. Mai ƙwallo yana neman ya sa mai tsaronsa ya jingina nauyinsa gefen da bai dace ba, ko da na ƙiftawar ido ne. Mai tsaro kuma yana neman ya ƙi jinginawa. Duk sauran abin da ake gani ado ne.

Daga Sakkwato zuwa Houston

Ɗan wasan da duniya ta yarda ya fi kowa ƙwarewa a aikin ƙafa ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma labarinsa ya ratsa ta ƙasar Hausa. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan wasan ƙwallon hannu. Sai da ya kai kimanin shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, lokacin da makarantarsa ta shiga wata gasar wasanni ta makarantun horar da malamai a Sakkwato aka sa shi cikin tawagar kwando.

Ya makara wajen farawa, amma ya zo da abin da yawancin dogayen 'yan wasa ba su da shi, wato ƙafafun ɗan ƙwallon ƙafa. Shi da kansa ya sha danganta salonsa da wasan da ya taso da shi. Salon da Amurkawa suka yi wa laƙabi da Dream Shake ga yadda yake: zai karɓi ƙwallo ya juya wa kwando baya, ya kafe ƙafa ɗaya, ya girgiza kafaɗa kamar zai juya dama. Mai tsaro na matsawa sai ya juya hagu ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa. Mai tsaro na yin tsalle sai ya sunkuya ya ratsa ta ƙarƙashinsa ya zura. Sau da yawa bai buga ƙwallon a ƙasa ba ko sau biyu.

A 1994 ya zama gwarzon ɗan wasan NBA, gwarzon mai tsaro, kuma gwarzon wasannin ƙarshe, duk a kaka ɗaya, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. Ya ɗauki kofi da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. A 1995 ɗin ne ya haɗu da David Robinson na San Antonio, wanda aka ba kyautar gwarzon shekarar, a wasannin neman zuwa zagayen ƙarshe. Robinson ya fi shi tsawo, kuma yana cikin masu tsaro mafi ƙwarewa a zamanin. Olajuwon ya ci matsakaicin maki sama da 35 a kowane wasa a kansa, ya riƙa sa shi tsalle a banza. Har yau masu horarwa na nuna wa ɗalibansu waɗannan wasanni.

Shaida mafi ƙarfi ita ce waɗanda suka je neman ilimi wurinsa bayan ya yi ritaya. Kobe Bryant ya je a 2009, yana riƙe da kofuna huɗu a lokacin. LeBron James ya je a 2011 bayan ya sha kashi a wasan ƙarshe. Ba su je koyon wasa da ƙwallo ba, wannan sun fi malamin iyawa. Sun je ne koyon inda ake ajiye ƙafa. Shi ma Joel Embiid, wanda aka haifa a Yawunde ta Kamaru kuma bai fara wasan ba sai yana ɗan shekara 15, da bidiyon Olajuwon ya yi karatu, ya kuma zama gwarzon NBA a 2023.

To, wa ya fi wa?

Gardamar fada ba za ta ƙare ba, amma ana iya yi mata adalci idan aka duba da me kowane gwani ke cin abokin karawarsa.

Michael Jordan ya fara ne da gudu da tsalle, bayan ya taso yana fafatawa da yayansa Larry a bayan gidansu. Da shekaru suka fara ja, sai ya koma wasa kusa da kwando: ya juya baya, ya ji da jikinsa inda mai tsaro ya jingina, ya juya ɗaya gefen yana ja da baya yana jefawa. Kofuna uku na ƙarshe daga cikin shida da ya ci, da wannan makamin ya fi cin su. Kobe Bryant, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Italiya yana buga ƙwallon ƙafa, ya ɗauki wannan salo ya ƙara masa yaudara a kan yaudara.

Kevin Durant matsalarsa ga mai tsaro ta lissafi ce. Tsawonsa ya kai mita 2.11, amma yana sarrafa ƙwallo kamar gajere, kuma yana sakin ta daga inda hannu ba ya kaiwa. Ba ya buƙatar ya wuce ka, ya ishe shi ya samu inda zai tsaya daidai.

Stephen Curry, mai mita 1.88, ya fi kowa zura ƙwallo daga nesa a tarihin NBA. Saboda haka dole mai tsaro ya fito ya manne masa tun daga nesa da kwando, kuma wanda ya manne maka shi ya fi sauƙin wucewa. Kyrie Irving, wanda yara suka fi kwaikwayo, gaskiya ne hannunsa abin kallo ne. Amma a rage gudun bidiyon a duba ƙasa: ƙugunsa yana ƙasa da na mai tsaronsa, yana tsayawa cak daga cikakken gudu ba tare da ya yi tangaɗi ba, kuma yana ƙarasawa da kowane hannu daga kowace ƙafa. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, da taku biyu dogaye yake raba kansa da mai tsaro, na farko gefe guda, na biyu ɗaya gefen. Shai Gilgeous-Alexander, gwarzon 2025, bai fi kowa gudu ba, amma ya fi kowa iya sauya gudu, ya lafa kamar ya gaji sannan ya fizga.

Idan aka ce a haɗa su biyu-biyu, amsar ta danganta da dokar da aka sa. Inda aka bar mutum ya buga ƙwallo a ƙasa yadda ya ga dama, tarihi ya nuna babba ke da rinjaye, domin zai tura ƙaramin da baya har ƙarƙashin kwando. A gasar ɗaya-da-ɗaya da NBA ta shirya a 1972, ƙaton ɗan wasan Detroit, Bob Lanier, shi ya doke Jo Jo White na Boston a wasan ƙarshe. A 1992 kuma, bayan duk sun yi ritaya, Kareem Abdul-Jabbar ya doke Julius Erving da tazara mai yawa a Atlantic City, alhali Erving ne ɗan wasan da ya fi burge 'yan kallo a zamaninsu. Inda kuwa aka taƙaita bugun, mai iya jefawa daga nesa da mai saurin takun farko su ke da rana.

Abin da ya haɗa dukkan waɗannan gwanaye, dogo da gajere, shi ne babu wanda ke jefa ƙwallo ko ya kutsa alhali bai daidaita a kan ƙafafunsa ba, kuma babu wanda ke kai hari sai ya ga mai tsaro ya rasa nasa daidaiton.

Fili ɗaya, ƙwallo ɗaya

Labari mai daɗi ga matashin Boukoki ko Talladjé ko Harobanda shi ne, wannan fanni na wasan ba ya cin kuɗi. Ba ya buƙatar zauren wasa mai sanyi irin Palais du 29 Juillet, inda ake buga manyan wasannin ƙasa. Rabin fili da ƙwallo ɗaya da aboki ɗaya sun wadatar. Hanyoyin da masu horarwa a ko'ina suka dogara da su sanannu ne.

Na farko shi ne ƙafar turke. Doka ta ce wanda ya riƙe ƙwallo ya tsaya, ƙafa ɗaya ce za ta zauna a inda take, ɗayar ta zagaya yadda take so, kamar dabbar da aka ɗaure a turke. Yawancin yara da ƙafa ɗaya kawai suka iya wannan. Atisayen shi ne a kwashe minti goma ba a buga ƙwallo a ƙasa ba, ana juyawa gaba da baya, a kan hagu sannan a kan dama, gwiwa a lanƙwashe, ƙwallo a manne da ƙugu. Yana da gundura, babu wanda zai ɗauka a waya, amma shi ne tushen duk abin da Olajuwon ya yi.

Na biyu shi ne takun gwaji. Mai ƙwallo ya tsaya yadda zai iya jefawa, ko ya miƙa, ko ya kutsa, sai ya jefa ƙafarsa gaba kaɗan da sauri kamar zai tafi. Tambaya ce yake yi wa mai tsaro. Idan ya ja baya, ga sarari, a jefa. Idan bai motsa ba, a wuce shi. Idan ƙafarsa ɗaya tana gaba, ta wannan gefen ake bi, domin sai ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya biyo.

Na uku shi ne hannun da ba a saba da shi ba. A filin unguwa, cikin wasa biyu kowa zai gane wanda ba shi da hagu, daga nan an gama da shi. Maganin tsoho ne, ana kiransa da sunan George Mikan, tauraron farko na NBA: a tsaya ƙarƙashin kwando, a zura da dama daga gefen dama, a cafke kafin ta taɓa ƙasa, a zura da hagu daga gefen hagu, a yi ta yi babu tsayawa. Yana koyar da hannu da ƙafa lokaci guda, domin kowane hannu da ƙafar da yake tashi a kanta.

Na huɗu, kuma shi ne wanda zai fi sauya wasan unguwa idan aka karɓe shi, dokar bugu uku. Maimakon a bar mutum ya yi ta wasa da ƙwallo har mai tsaro ya gaji, sai a ce bugu uku kawai yake da shi, idan bai jefa ba ƙwallo ta koma hannun wancan. Dalilin a fili yake. A wasa na gaske ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ne ta kai hari, kuma a dokar hukumar FIBA wanda aka matsa wa tsaro ba ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa biyar. Babu kocin da zai zuba ido ɗan wasa ɗaya ya cinye wannan lokaci. Bugu uku yana tilasta wa yaro ya karanta mai tsaronsa kafin ya motsa.

Na biyar shi ne a fara jifa daga kusa. Tsayin kwando mita 3.05 ne, layin maki uku kuma yana da nisan mita 6.75. Yaro ɗan shekara 11 da ya ɗauki ƙwallon manya, mai nauyin kusan giram 600, ya tsaya a bayan wannan layi don ya zama Curry, dole ya turo ta daga ƙirji da dukkan jikinsa, kuma wannan mummunar al'ada za ta bi shi har girma. Shi kansa Curry sai da mahaifinsa Dell ya sa shi ya rushe salon jifansa ya sake gina shi daga kusa da kwando, lokacin yana makarantar sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rabin da ba a so

Babu yaron da ke zuwa fili da burin ya yi tsaro, amma rabin wasan ɗaya-da-ɗaya tsaro ne, kuma shi ne rabin da koci ke fara dubawa. A nan darasin kokowa ya fi fitowa fili. Mai tsaro ya rage tsawo, ya ware ƙafafu, ya riƙa ja gefe ba tare da ya harɗe su ba. Kada ya kalli ƙwallo, kada ya kalli ido ko kafaɗa, domin duk da su ake yaudara. Ya kalli ciki, domin inda cibiya ta nufa nan mutum zai tafi. Kada kuma ya riga mai ƙwallo barin ƙasa. Olajuwon, wanda ya fi kowa doke ƙwallo a sama a tarihin NBA, har sau 3,830, ya san sirrin daga ɓangarorin biyu: wanda ya fara tsalle shi ya faɗi.

Yanayin Yamai ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, siminti kuma yana riƙe zafin har bayan faɗuwar rana. Lokacin atisaye mai nauyi shi ne bayan asuba, da ruwan sha a kusa. Siminti ba ya yafe wa gwiwa da idon sawu, musamman ga mai takalmin gwanjo da ƙasansa ya suɗe, don haka yawan tsallen neman cusa ƙwallo a kwando ba shi da riba ga mai tasowa. Tsallen igiya na 'yan mintuna, irin na 'yan dambe, ya fi amfani ga saurin ƙafa. Ko azumi bai zama dalilin ajiye wasa ba idan an tsara lokaci: Olajuwon yana azumi aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya zo daidai da Ramadan.

Ita ma wayar tana da amfani idan aka juya ta. Maimakon kallon wasu kawai, aboki ya ɗauki mai atisaye daga ƙugu zuwa ƙasa na minti biyu. Abin da mutum zai gani game da ƙafafunsa yakan ba shi mamaki fiye da duk abin da koci zai faɗa masa.

Hanyar da Harouna ya bi

Matasan Yamai ba sai sun tsallaka teku ba kafin su ga inda wannan hanya ke kaiwa. Abdoulaye Harouna, haifaffen birnin, ya tafi Amurka ya yi karatu yana buga wa jami'ar Miami da ke jihar Ohio wasa. Ya dawo ya buga wa AS Nigelec, ƙungiyar kamfanin wutar lantarki da ta sha lashe gasar ƙasa, a wasannin share fagen gasar BAL, wadda NBA da FIBA suka kafa domin zakarun ƙungiyoyin Afirka.

Har yanzu babu ƙungiyar Nijar da ta kai ga shiga gasar kanta, mai ƙungiyoyi 12, wadda aka fara a Kigali ta Ruwanda a watan Mayun 2021. Amma Harouna ya shiga. A kakar farko ya buga wa FAP ta Kamaru, yana cin matsakaicin maki sama da 19 a kowane wasa. Daga nan AS Salé ta Maroko ta ɗauke shi a 2022, sai ABC Fighters ta Abidjan a 2023, sai AS Douanes ta Dakar a 2024. Ƙasashe huɗu, masu horarwa daban-daban, kowa na nemansa.

Abin lura shi ne ƙungiyoyin nan guraben baƙi kaɗan doka ta ba su, ba sa kashe gurbi a kan mai burge 'yan kallo kawai. Suna neman wanda idan tsarin wasa ya watse, agogo na gab da ƙarewa, za a miƙa masa ƙwallo ya samar da maki da kansa, sannan ya koma ya tsare gwanin ɗaya ɓangaren. Wannan ita ce ainihin darajar ɗaya-da-ɗaya a wasan mutum biyar. Kayan aiki ne, ba shi ne aikin ba. Gwanin da ya wuce mai tsaronsa, wani ya taso ya tare shi, ya ƙi miƙa wa abokin da aka bari shi kaɗai, sarkin unguwa ne kawai, ba zai wuce nan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasi na biyu daga tafiyar Harouna shi ne ta aji ta bi. Jami'o'in Amurka ba sa karɓar ɗan wasan da takardunsa ba su cika ba, komai iyawarsa. Guraben NBA ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba ga duniya baki ɗaya. Yaron da ya bar makaranta don ƙwallo ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi faɗi, ya tsaya a bakin wadda ta fi ƙunci.

Ƙofofin da ke buɗewa

Duniyar wasan tana matsowa kusa da irin abin da ake yi a filayen unguwa. Wasan uku-da-uku, wanda ake bugawa a rabin fili da kwando ɗaya, ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo da aka yi a 2021. Minti goma ne, ko wanda ya riga kai maki 21, kuma daƙiƙa 12 kacal ake da su a kai hari. Da mutum shida kawai a fili, babu inda mai raunin tsaro zai ɓuya, babu kuma lokacin ado. Ga ƙasar da ke da ƙarancin zaurukan wasa, haɗa gwanaye huɗu ya fi sauƙi a kan haɗa tawagar mutum 12, kuma wannan abu ne da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, FENIBASKET, da makarantu za su iya ginawa a kai.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A watan Fabrairun 2025 sabuwar gasar mata ta Unrivaled a Amurka ta shirya gasar ɗaya-da-ɗaya, Napheesa Collier ta lashe ta tafi da dala 200,000. A maƙwabciya Najeriya, tawagar mata ta D'Tigress ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Yarinyar da ke tsaye a gefen fili a Yamai tana jiran samari su gama, tana da waɗanda za ta kalla.

Su ma 'yan Nijar mazauna ƙetare suna da rawar takawa, kuma ba sai mai kuɗi ba. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya ya fara wasan a can, ya kai ga jagorantar Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ƙungiyarsa ta Giants of Africa, da ya kafa a 2003, ta ɗauki alkawarin gina filaye 100 a nahiyar. Ba kowa ke iya gina fili ba, amma mai dawowa hutu daga Faransa ko Amurka ko Kanada zai iya sako ƙananan ƙwallaye na yara a jakarsa, da raga, da famfon hura iska. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, ƙwallon da ta dace da hannun yaro tana iya gyara jifan unguwa guda.

Kafin a kira magariba, layin masu jira a gefen fili yakan yi tsawo, mai ci yana ta ci. 'Yan kallo za su yi ihu ne idan wani ya wulla ƙwallo ta tsakanin ƙafafu mai tsaro ya zame. Amma wanda ya san wasan, idan yana neman yaron da zai yi nisa, ba wurin ihun yake kallo ba. Yana neman wanda ya karɓi ƙwallo ya kafe ƙafa, ya yi taku ɗaya na gwaji, ya buga sau ɗaya ya zura da hagu, sannan ya juya ya rage tsawo yana jiran na gaba.